Layin umarni: Tsohuwar hanyar ajiye gajeren rubutu a kwamfuta, ba intanet ba kuɗin wata

A watan Disambar 2023, Evernote, ɗaya daga cikin manhajojin ajiye rubutu da suka fi suna a duniya, ta taƙaita wa masu amfani da ita kyauta abin da za su iya ajiyewa zuwa rubutu 50 a kundi ɗaya tak. Wanda ya riga ya tara fiye da haka ba a goge masa komai ba, yana iya karantawa ya kuma gyara, amma ƙara sabo ya gagara sai ya biya ko ya rage na da. Shekaru kafin nan, kamfanin Google ya rufe manhajarsa ta Google Notebook ɗungurungum, ya kwashe rubuce-rubucen jama'a ya mayar da su Google Docs. Babu wanda ya karya doka a cikin kamfanonin biyu. Abin da ya fito fili kawai shi ne, mai ajiye rubutunsa a irin waɗannan manhajoji a gidan haya yake zaune, mai gida kuwa na iya ƙara kuɗi ko ya ce a tashi duk ranar da ya ga dama.

A nan gida matsalar tana da wata fuskar. Ranar 14 ga Maris, 2024, wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da ke haɗa Afirka ta Yamma da sauran duniya suka lalace, harkokin bankuna da na ofisoshi suka yi ta cijewa a Najeriya da maƙwabtanta. A Satumbar 2021 kuma an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara na tsawon makonni saboda dalilan tsaro. A irin waɗannan ranaku, duk wanda lambobinsa da lissafinsa da bayanan aikinsa ke zaune a rumbun intanet kaɗai, sai dai ya zuba wa na'urarsa ido.

Akwai wata hanya da ta girmi dukkan waɗannan manhajoji, wadda masu rubuta manhaja da masu kula da manyan kwamfutoci suka daɗe suna bi. Mutum zai buga layi ɗaya, kwamfuta ta liƙa abin da ya rubuta a ƙarshen wani fayil na tsantsar rubutu da ke cikin na'urarsa, shi ke nan. Ba rajista, ba jiran shafi ya buɗe, ba talla. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, sai dai wannan zumar tana da ƙudanta, musamman ga mai rubutu da Hausa, kuma za a zo kansu.

Abin da ake nufi da layin umarni

Yawancin mutane da hotuna suke magana da kwamfuta: a ga alama, a kai mata linzami, a danna. Layin umarni kuwa wata taga ce, galibi baƙa, da babu komai a cikinta sai ɗan sanda mai ƙiftawa yana jiran a buga masa magana. Mutum zai rubuta abin da yake so a yi, ya danna madannin Enter, wata ƙaramar manhaja da ke aikin tafinta tsakaninsa da na'urar ta karanta ta aiwatar. A kwamfutocin Linux sunan wannan tafinta galibi Bash, a na Apple kuwa Zsh ne tun daga 2019. Ana buɗe tagar a Ubuntu da danna Ctrl da Alt da T tare, a Mac kuma sunanta Terminal. Windows na da irin tata, za a taɓo ta a gaba.

Asalin wannan salo yana komawa ga Unix, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Jihar New Jersey a Amurka. A wancan zamani ba a allo ake ganin amsar kwamfuta ba, wata na'ura ce mai kama da tafireta ke buga ta a takarda, wadda ba ta wuce haruffa goma a daƙiƙa. Shi ya sa sunayen umarnin suka zama gajeru, haruffa biyu zuwa huɗu, kuma har yau haka suke. Wani abin lura shi ne, aikin farko da Unix ta yi wa mutanen da ba masu bincike ba, a 1971, aikin rubutu ne: shirya takardun neman haƙƙin mallakar ƙirƙira na kamfanin. Tun daga tushe ke nan kayan aikinta an ƙera su ne domin sarrafa rubutu.

Tsantsar rubutu kuwa shi ne fayil ɗin da babu komai a cikinsa sai haruffa da lambobi da alamomin rubutu. Babu launi, babu girman harafi, babu hoto, babu wasu ɓoyayyun bayanai da manhaja ɗaya ce kaɗai ta san fassararsu. Sunansa yakan ƙare da .txt.

Layi ɗaya

A ɗauka mai sayar da kayan noma yana tsakiyar lissafi a kwamfutarsa, aka kira shi a waya aka ce a tanadar wa wani buhu biyar na taki kafin Alhamis. Abin da zai buga shi ne:

echo "buhu biyar na taki kafin Alhamis" >> rubutu.txt

Umarnin echo ba ya yin komai sai maimaita abin da aka ba shi. Alamar >> ita ce ke karkatar da maganar daga allo zuwa cikin fayil, ta ajiye ta a ƙasan abin da ke ciki. Idan fayil ɗin bai wanzu ba, nan take za a ƙirƙire shi. Kwamfutar ba za ta ce uffan ba, kuma a al'adar Unix shiru alama ce ta an yi aiki.

Saurin nan shi ne dukkan hikimar. Abin da mutum ke son tunawa yakan zo ne yana tsakiyar wani aiki, kuma idan sai ya nemo manhaja, ya jira ta buɗe, ya zaɓi kundi, ya raɗa wa rubutun suna, sau da yawa zai ce bari sai an jima. Daga "an jima" kuwa sai mantuwa. Wanda tagar umarninsa ke buɗe a gefe, kafin mai kiran ya gama sallama ya riga ya rubuta ya koma kan lissafinsa.

A nan ne kuma babban haɗari na farko yake. Alamar > guda ɗaya da alamar >> guda biyu ba ɗaya ba ne. Biyu ƙari suke yi. Ɗaya kuwa share duk abin da ke cikin fayil take yi, ta maye gurbinsa da sabon layin, ba tambaya, ba gargaɗi, kuma abin da ta share ba ya zuwa kwandon shara balle a je a ɗauko. Rubutun shekara uku na iya tafiya saboda yatsa ya kasa danna madanni sau biyu. Akwai rigakafi: umarnin set -o noclobber yana hana alamar guda ɗaya taka fayil ɗin da ya riga ya wanzu. Duk mai niyyar bin wannan hanya, da wannan ya kamata ya fara.

Rubutun da ba shi da kwanan wata rabin amfani gare shi. Bayan wata biyu, "kafin Alhamis" ba ta gaya wa kowa wace Alhamis ba ce. Maimakon mutum ya riƙa buga kwanan wata da hannu, yana iya ƙirƙirar umarninsa na kansa, ya ma raɗa masa suna da Hausa:

tuna() { echo "$(date '+%F %H:%M') $*" >> ~/rubutu.txt; }

Layin yana da ban tsoro a ido, amma abu uku kawai ya ƙunsa. Sashen da ke ɗauke da kalmar date yana tambayar agogon kwamfuta kwanan wata da lokaci. Alamar $* tana wakiltar duk kalmomin da aka buga bayan sunan umarnin. Alamar ~ kuma tana nufin babbar jakar mai kwamfutar, domin rubutun ya riƙa sauka wuri ɗaya ko daga ina aka buga shi. Sau ɗaya ake rubuta wannan layi, a cikin fayil mai suna .bashrc ga masu Bash ko .zshrc ga masu Zsh, wanda tafintan ke karantawa duk lokacin da aka buɗe taga. A nan ne ma ya dace a ajiye wancan umarni na rigakafi. Daga ranar, buga tuna a kira direba ƙarfe huɗu ya wadatar, kuma umarnin ya raba mutum da buga alamar >> da hannunsa, balle ya yi kuskurenta.

Kwanan watan zai fito ne da shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2025-04-03. Wannan tsari ne na ƙasa da ƙasa mai suna ISO 8601 da aka fara fitarwa a 1988, kuma yana da fa'ida biyu. Ya kawar da ruɗanin da ke tsakanin ɗan Najeriya da ke karanta 03/04 a matsayin 3 ga Afrilu da Ba'amurke da ke karanta shi 4 ga Maris. Sannan idan aka jera layuka bisa tsarin lambobi, da kansu suke bin tsarin lokaci.

Karanta abin da aka ajiye ma gajerun umarni ne. cat rubutu.txt zai zubo fayil ɗin gaba ɗaya. Sunan ba shi da alaƙa da kyanwa, gutsuren wata kalmar Turanci ce mai nufin haɗa abubuwa a jere. tail -n 5 rubutu.txt zai nuna layuka biyar na ƙarshe. Amma wanda ya fi su amfani shi ne grep, wanda Ken Thompson ya rubuta a farkon shekarun 1970. Aikinsa tsamo duk layin da ke ɗauke da kalmar da aka ba shi. grep taki rubutu.txt zai fito da duk maganar taki da aka taɓa rubutawa, kowace da ranarta, grep 2025-04 rubutu.txt kuma ya fito da rubutun watan Afrilu kaɗai. Ana iya haɗa umarni biyu da alamar |, wadda ake kira bututu, dabarar da Douglas McIlroy ya kawo aka shigar da ita Unix a 1973: abin da na farko ya fitar sai ya zama abincin na biyu. grep taki rubutu.txt | tail -n 3 na nufin a tsamo maganganun taki, a nuna uku na baya-bayan nan.

Saboda grep ne masu wannan hanya da yawa ba sa wahalar da kansu da rarraba rubutu jaka-jaka. Fayil ɗaya suke zuba komai, su bar nema ya yi aikin tsari. Girma ba abin damuwa ba ne: harafin boko na yau da kullum bait ɗaya yake ci, don haka mai rubuta layi goma a rana, kowane mai haruffa ɗari, a shekara zai tara bait 365,000 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar zamani ba.

Inda Hausa ke cin karo da tafinta

Littattafan koyar da wannan fanni da Turanci aka rubuta yawancinsu, kuma ba su cika damuwa da abin da zai sami mai rubutu da Hausa ba. Abu na farko shi ne alamar ɗauri, wato ɗan waƙafin sama da ke cikin sana'a da jama'a da ma'aikata da 'ya'ya. A wurin Bahaushe harafi ce. A wurin Bash da Zsh kuwa alama ce ta buɗe zance, kuma duk zancen da aka buɗe sai an rufe shi.

Idan mutum ya buga tuna taron ma'aikata gobe, tafintan zai ga an buɗe zance ba a rufe ba, sai ya sauka sabon layi ya tsaya yana jira. Sabon shiga zai zaci na'urar ta maƙale. Danna Ctrl da C ke fitar da shi, amma rubutun bai shiga ba. Wannan ma da sauƙi, tunda an ga alama. Mafi muni shi ne idan alamomin biyu ne. Wanda ya buga tuna kuɗin makarantar 'ya'ya, tafintan zai ɗauki ta farko a matsayin buɗewa, ta biyu a matsayin rufewa, ya cire su duka, abin da zai shiga fayil shi ne "kuɗin makarantar yaya". 'Ya'ya sun koma yaya, kuma babu abin da zai sanar da mai rubutun.

Maganin farko shi ne a riƙa sa dukkan maganar tsakanin alamomin zance masu ƙwaya biyu, kamar tuna "kuɗin makarantar 'ya'ya". A cikinsu alamar ɗauri ba ta da wani iko. Sai dai su ma ba su toshe kowace kafa ba, domin alamar dalar Amurka tana nan da ƙarfinta a cikinsu. Mai rubuta "$50" a Bash zai tarar da sifiri kawai a fayil, saboda tafintan ya ɗauki $5 a matsayin sunan wani abu da aka ajiye, ya duba bai samu ba, ya bar wurin fayau. Alamar naira ba ta da wannan matsala. Alamar motsin rai ma takan rikita Bash, alamar # kuma idan ta zo a farkon kalma ba tare da alamomin zance ba, duk abin da ya biyo bayanta watsi ake yi da shi. Shi ya sa masu son yi wa rubutunsu laƙabi suka fi amfani da + ko @, kamar +gona ko @kasuwa, salon da tsarin todo.txt na Gina Trapani ya yaɗa tun 2006.

Hanyar da ta fi kowace tsabta ga mai Hausa ita ce ya kauce wa tafintan baki ɗaya:

cat >> rubutu.txt

Bayan danna Enter, duk abin da aka buga kai-tsaye yake shiga fayil yadda yake, da ɗaurinsa da dalarsa, layi nawa ne ma. Idan an gama sai a sauka sabon layi a danna Ctrl da D. Ga rubutu mai tsawo da ke buƙatar gyara kuwa akwai nano, manhajar gyaran rubutu mai sauƙi da ke nuna madannanta a ƙasan taga. Akwai kuma Vim, wadda Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Tana da ƙarfi ƙwarai amma koyonta sai da haƙuri. Marigayin, wanda ya rasu a 2023, bai sayar da ita ba, sai dai ya riƙa roƙon masu amfani da ita su taimaka wa yara marasa galihu a Yuganda.

Abu na biyu shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a inda Najeriya ke rubuta 'y. Kwamfuta lambobi ta sani, ba haruffa ba, don haka sai da aka yi yarjejeniyar wace lamba ce ke wakiltar wane harafi. Tsarin ASCII na Amurka, wanda aka fitar a 1963, gurabe 128 gare shi, kuma babu ko ɗaya daga haruffan nan a ciki. Wannan ne ya sa a da masu buga Hausa a kwamfuta suke dogara da wasu zanen haruffa na musamman, inda aka sake zana wani madanni ya zama ƙ, da zarar fayil ya je na'urar da ba ta da zanen sai rubutun ya cika da baƙin alamomi. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da na Hausa da na Larabci. A 1992 kuma Ken Thompson ɗin nan dai, tare da Rob Pike, suka tsara UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobi a fayil ba tare da an ɓata tsofaffin fayilolin ASCII ba. A cikinta ƙ bait biyu take ci, k kuma ɗaya.

Linux da Mac na yau da UTF-8 suke aiki, don haka ƙ za ta shiga ta fito lafiya. Abin da ya rage shi ne halin mai rubutun. A wurin grep, ƙasa da kasa kalmomi biyu ne da ba su haɗa komai ba, kamar yadda suke a wurin Bahaushe. Wanda yau ya rubuta da lanƙwasa, gobe gaggawa ta sa ya rubuta babu, nemansa rabi zai riƙa kawowa, ya zaci sauran sun ɓata. Ana iya cewa grep "[kƙ]asa" rubutu.txt domin a kamo duka biyun, amma tsayawa kan ƙa'ida ɗaya tun farko ya fi. Haka ita ma alamar ɗauri: miƙaƙƙiyar da ke kan madannai daban take da lanƙwasasshiyar da Microsoft Word ke sauya ta da ita, ko da yake a ido kusan ɗaya suke.

Masu Windows, waɗanda su ne mafi yawa a ofisoshi da makarantu, suna da tagogi biyu, cmd da PowerShell, kuma echo da >> suna aiki a dukkansu. Sai dai akwai bambance-bambance. A cmd, alamomin zance da aka kewaye magana da su suna shiga fayil tare da ita, kuma haruffa masu lanƙwasa na iya lalacewa idan ba a fara buga chcp 65001 ba, wanda ke mayar da tagar kan UTF-8. Tsohuwar PowerShell ta 5.1, wadda ke zuwa tare da Windows, da wani tsarin daban mai suna UTF-16 take rubutu idan aka yi amfani da >>, don haka idan fayil ɗin da UTF-8 aka fara shi, sai ya zama gauraye, wani sashe ya ƙi karantuwa. Umarnin Add-Content tare da -Encoding UTF8 na magance wannan, PowerShell 7 kuwa da UTF-8 take aiki tun asali. Wanda ke son umarnin Linux ɗin kansu a cikin Windows yana iya girka WSL, wadda Microsoft ta gabatar a 2016. Ga wanda baƙar taga ba ta kwanta masa ba, Notepad na da wata tsohuwar dabara: idan aka rubuta .LOG da manyan haruffa a layin farko na fayil, duk lokacin da aka buɗe shi za ta ƙara lokaci da kwanan wata a ƙasa.

A wayar Android, manhajar Termux na ba da irin wannan taga, kuma umarnin tuna zai yi aiki a cikinta. Gaskiyar magana dai, buga alamomi da babban yatsa a ƙaramin allo yana cinye saurin da ake nema.

Daɗewa, da abin da ba ta iya yi

A 1971 Michael Hart, ɗalibi a Jami'ar Illinois, ya buga takardar ayyana 'yancin kan Amurka a kwamfuta, abin da ya zama mafarin Project Gutenberg, ɗakin karatu na kyauta a intanet. Ya nace a riƙa ajiye littattafan a tsantsar rubutu, kuma fayilolin na buɗuwa a kowace waya a yau. A ɗaya gefen, WordStar ce ke kan gaba a manhajojin rubutu a farkon shekarun 1980, amma mai riƙe da fayil ɗinta yanzu sai ya nemi abin da zai juya masa shi kafin ya karanta yadda ya kamata. Tsantsar rubutu ba mallakar kowane kamfani ba ne, shi ya sa babu kamfanin da mutuwarsa za ta tafi da shi. Ga kuma wata fa'ida ga mai fama da ɗaukewar wuta: kowane layi ana rubuta shi ne a rufe fayil nan take, ba a bar wani dogon aiki a buɗe yana jiran a adana ba.

Sai dai sauƙin buɗuwar nan shi ne kuma rauninsa. Duk wanda ya sami na'urar a buɗe, ko ya tsinci filashin da aka kwafe fayil ɗin a ciki, zai karanta komai. Kalmar sirri ta banki, lambar BVN ko NIN, sunan majiyar da ɗan jarida ya yi wa alƙawarin sakaya ta, bayanin rashin lafiyar wani, duk ba wurinsu ba ne. Ma'aikacin da ke riƙe da bayanan wasu a bakin aikinsa ya tuna cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Akwai ma wata kafa da mutane ke mantawa da ita: Bash na ajiye tarihin umarnin da aka buga a fayil mai suna .bash_history, don haka abin da aka rubuta da echo ko tuna yana nan a wuri na biyu ko an goge shi daga rubutu.txt. Abin da aka shigar ta hanyar cat >> ba ya shiga wannan tarihi.

Ana iya kulle fayil da manhajar GnuPG. Umarnin gpg -c rubutu.txt zai nemi kalmar sirri ya samar da kulallen kwafi mai suna rubutu.txt.gpg. Na asalin yana nan a buɗe har sai an goge shi da hannu, kuma wanda ya manta kalmar sirrinsa babu ofishin da zai je a buɗe masa.

Haka nan, wanda ya bar gidan haya ya koma nasa, gyaran rufi ya dawo wuyansa. Manhajojin intanet suna ajiye wa mutum kwafi ko wayarsa ta faɗa ruwa. Fayil ɗin da ke kwamfuta ɗaya kuwa, ranar da aka sace ta ko ma'ajiyarta ta lalace, ya tafi. Umarnin cp na kwafe shi zuwa filashi cikin ƙiftawar ido, kuma da yake ba shi da nauyi, ana iya tura wa kai shi ta imel ko da intanet mai rauni, in dai babu sirri a ciki. Masu son ganin yadda fayil ya sauya daga rana zuwa rana suna amfani da Git, wadda Linus Torvalds, mai Linux, ya rubuta a 2005. Ita ce ma ke iya dawo da rubutun da alamar > ta share, muddin an riga an adana shi a cikinta.

Akwai abubuwan da hanyar ba ta yi sam. Ba ta ɗaukar hoton rasit, ba ta naɗar murya, ba ta buga ƙararrawa ta tuna wa mutum Alhamis ta zo. Wanda aikinsa bai haɗa shi da zama gaban kwamfuta ba, ƙaramin littafi da biro a aljihu sun fi masa. Ta fi dacewa da wanda yini yake hannunsa na kan madannai: ɗan jarida, mai fassara, akawu, ɗalibin jami'a, mai kula da na'urorin ofis.

Masu rubutun ajami kuma su san cewa UTF-8 na ajiye haruffansu daidai, amma ba kowace tagar umarni ce ta iya nuna rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu ba. A wasu haruffan za su fito a rarrabe ko a juye. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, tagar ce ta gaza, kuma buɗe shi a Notepad ko wata manhajar gyaran rubutu ta zamani zai nuna shi yadda aka rubuta.